Sakin layina kaɗai jan biro ya tsallake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Lahadi nake son ta, don ranar aka ce in koma.

Ni ɗan Omdurman ne, a unguwar Alsawra aka haife ni, kakanmu ya taso daga ƙasar Kano zai tafi Hajji, ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba. Na kawo maganar wannan gurup ɗin ne saboda mutanenmu na nan suna jin Hausa amma ba kowa ke karanta ta ba, asirina zai fi rufuwa. Sana'ata rubutu, ina da fili a wata jaridar Larabci a Khartoum, na daɗe ina yi. Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Sani. Ni na koya masa rubutu, ni na ɗauko shi daga shagon kawunmu a Kasuwar Libiya inda yake sayar da caja, na kai shi gaban editanmu. Ban taɓa kawowa a raina zai wuce ni ba, to ya wuce ni, kuma ba wucewar wasa ba.

Ni da taka-tsantsan nake rubutu, na san inda ake tsayawa. In zan yi maganar tsadar burodi sai in sauke laifin kan masu gidan burodi, in ƙyale na sama. Sani kuwa kai tsaye yake nuna mai laifi. Aka yi ta kiransa ofishin tsaro, a zaunar da shi a benci tun safe har magariba ba mai ce masa kala, sannan a ce ya dawo gobe. Daga ƙarshe suka tsare shi, suka hana shi rubutu a jarida da shafinsa na intanet, ya sa hannu cewa in ya ƙara kurkuku ne. Ranar da aka sako shi Hajiyarmu ta yanka rago, gida ya cika, har ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar suka zo ɗaukar hoto da shi. Ni ke raba shayi. Wani dattijo ya karɓi kofi a hannuna, ya tambaye ni, ni kuma wace sana'a nake yi. Wallahi ranar na ji ƙyashin ƙanina har cikin ƙashina, kuma har yau bai sake ni ba.

To a cikin 'yan jarida a nan akwai abin da ake yi, in an hana mutum rubutu sai wani abokin aiki ya ara masa suna. Kwanakin baya Sani ya zo mini da rubutu kan layin iskar gas, da waɗanda ke karkatar da tukwanen kafin su iso unguwa. Ya ce, "Yaya, ka fitar mini da shi da sunanka, abin yana cin raina." Da farko na ƙi. Da na karanta sai na ga ban taɓa rubuta mai kyansa ba. Na ce masa na yarda saboda zumunci, amma a raina sunana nake son gani a kan rubutun. Kuma girman kai bai bar ni na miƙa shi haka ba, sai da na ƙara sakin layi ɗaya nawa a ƙarshe, na zuba Larabci mai nauyi, ina kira ga kowane ɓangare ya yi haƙuri.

Rubutun ya zaga gari, ana ta tura shi a waya. Mutanen da ba su taɓa kirana ba suka kira, wani ma cewa ya yi ashe dai na iya. Mai shayin ƙofar ofishinmu ta ƙi karɓar kuɗina. Matata kaɗai ce ta karanta ta ajiye, ta tambaye ni ko Sani ya zo gidan nan kwanan nan.

Sai ga kira daga ofishin tsaro. Na tsorata, amma kar in yi muku ƙarya, har da murna a ciki, sai da na sa aka goge mini farar jallabiyata. Na tafi da shirin zaman benci. Ko zama ban yi ba aka shigar da ni, har da ba ni ruwan sanyi. Jami'in ya shimfiɗa jaridar a tebur, an bi rubutun layi-layi da jan biro tun daga sama, sakin layin ƙarshe kaɗai aka tsallake. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ya ustaz, mun daɗe muna karanta ka, ba ka taɓa ba mu wahala ba. Wannan naka ne, ba mu da matsala da shi. Na saman fa, na wane ne?" Na ce nawa ne. Ya yi murmushi, ya ce in je gida in yi tunani, in dawo Lahadi da suna. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga inda nake. In na ambaci Sani, kurkuku zai tafi, matarsa na da tsohon ciki, Hajiya ga hawan jini. In na kafe nawa ne, za a rufe filina, wataƙila a tsare ni, kuma da rubutun nan nake ciyar da 'ya'yana. Hajiya ta ce ni ne babba, in rufa wa ƙanina asiri. Matata ta ce ba za ta zuba ido in jefa yaranta a yunwa kan abin da ban rubuta ba, mun yi cacar baki sosai har ta daina yi mini magana. Shi kuma Sani ya zo ya ce zai je ya miƙa kansa, na daka masa tsawa na ce ban yarda ba, rubutun da sunana ya fita. Sai ya fashe da kuka ya rungume ni, yana cewa ba shi da kamata a duniya. Bai san abin da ke raina ba. Ba tausayinsa ne ya sa ni tsawar ba, ba na son a sake yanka masa rago ina raba shayi.

'Yan uwa me zan yi? In kafe nawa ne, alhali Allah ya san ba don ƙanina nake yi ba? Malaman cikinku, in jami'an suka ce in rantse fa? Kuma in gaya wa Sani gaskiyar zuciyata, ko in bar shi yana yi mini addu'ar da ban cancanta ba? Ku faɗa mini ko da zafi, zan karanta kowane sharhi. Don ni abin da ya fi ba ni tsoro ranar Lahadi ba tsarewa ba ce. Tsorona in dage nawa ne, su kalli juna su yi dariya, su ce ustaz tashi ka tafi gida.