Iskar Tauraro, Kilomita 83

Litinin, 4 ga Agusta
Yau dai lissafin ya zauna. Wata bakwai ina fama da ƙaton tauraron nan. Ɗigo ne kawai a madubin hangen taurari. Daga layukan da ke cikin haskensa nake ƙera samansa a kwamfuta, hawa-hawa, zafi da kauri. Layin haidurojin ya ƙi hawa kan lissafina sai da na sa iska tana fita daga jikin tauraron, kilomita 83 a daƙiƙa. Farfesa Arendse ya cire tabarau ya ce, "Nolitha, Juma'a ta sama ke za ki yi wa sashe jawabi." Babi na uku na kundin digirina ya samu kenan. Ba shi, ba digiri.

Laraba, 6 ga Agusta
Thembelani, abokin ofis, ya laƙaba min Sisi Mai Guguwa, wato 'yar'uwa mai guguwa. Wai in riƙe takarduna kar su tashi. Ɗan rainin hankali. Na ji daɗi dai.

Juma'a, 8 ga Agusta
Na ƙara layin kalsiyam. Shi ma 83. Da fari murna na yi. Amma ai ba hawa ɗaya suke fitowa ba, ta yaya gudunsu zai zo ɗaya cif?

Litinin, 11 ga Agusta
Sodiyam ma 83. Shi da ke can hawan ƙasa. To tauraron ne gaba ɗaya ya taso mana? Na sake cire gudunsa, na cire na duniya, ba abin da ya motsa. Na nuna wa Farfesa hoton sakamakon, ya ce, "Kyakkyawan sakamako ba ya son yawan taɓawa." Ban gane ba. Kaina ya ɗaure tamau, ko amagwinyan da na saya, fanken garinmu, ban ci ba.

Laraba, 13 ga Agusta
Wayyo ni.
Tsawon layukan da aka auna min a cibiyar hangen taurari ta Sutherland, a cikin iskar duniya aka auna. Teburin da na ɗora lissafina a kai na sarari ne marar iska. Layin haidurojin a iska 6562.8, a sarari 6564.6. Na buga bambancin: 83. Iska kam akwai, amma ta hamadar Karoo ce, inda cibiyar take. Ta gidanmu.

Alhamis, 14 ga Agusta
Idan na yi shiru, wa zai lura? Farfesa bai gani ba. Na rubuta masa saƙo na goge, sau huɗu. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 15 ga Agusta
Na faɗa, a gaban mutum ashirin. Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. A baranda Farfesa ya tsayar da ni, na zaci faɗa ne. Ya ce, "Kwana goma hoton nan na kan teburina. Ban tambaya ba don ina so ya zama gaskiya." Babi na uku ya tafi.

Talata, 19 ga Agusta
Na gyara teburin. Layin ya zauna ba iska, sai ɗan karkata a gefen shuɗi, alamar motsi zuwa wajenmu, kamar kilomita shida a daƙiƙa. Ƙila wani abu ne, ƙila ni ce kuma. Sau uku na auna. Farfesa ya leƙo ya ce akwai labari? Na rufe hoton na ce babu tukuna.