Gwangwanayen Ƙanwata Suna Shan Rana, Ni Kuma Na Yi Shiru

Gwaggo mai shawara, ki taimake ni, don abin da ke cikin zuciyata ya fara ba ni tsoro.

Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da kayan fesawa: turaren jiki, turaren ɗaki da maganin sauro. Ƙanwata, autarmu, a shagona ta koyi komai. Ni na nuna mata yadda ake girgiza gwangwani a ji nauyinsa a hannu, don na jabu gas ne fal ciki, turaren ɗan kaɗan. Ni na koya mata a sari maganin sauro tun kafin ruwa ya sauka, turaren jiki kuma in zafi ya matso. Bara ta buɗe nata shagon a layinmu, tsallaken titi. Tana ɗaukar bidiyo a waya, tana fesa turare tana fari da ido, yanzu har tsofaffin kwastomomina wurinta suke tsayawa. Dilan da nake bi shekara da shekaru, ita yake fara kira in sabon kaya ya sauka. Mahaifiyarmu kuwa ba ta da zance sai Auta mai kan kasuwa. Ni fa, Gwaggo, kaina na ado ne? Wallahi ƙyashi nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

To ga inda ta lalace. Ta sa an yi mata akwatin gilashi a bakin shago, ta jera gwangwanaye su yi kyau a hoto. Rana na dukansa tun azahar, janareta kuma na gefensa. Abu ɗaya ne ban taɓa koya mata ba: gas ɗin ciki a matse yake, shi ke turo turaren ta ɗan siririn bututu in an danna kan. In ya sha zafi ƙarfinsa ƙaruwa yake har gwangwanin ya fashe, kuma yana kama wuta. Ya taɓa faruwa da ni farkon sana'ata, har yau da tabo a hannuna. Makon jiya na shiga, na taɓa guda na ji shi da zafi kamar kofin shayi. Na ce mata shago ya yi kyau, na fito. Kullum ina hangen akwatin daga kujerata, wani sashe na zuciyata na cewa bari ta gani, tunda ta iya. Me zan yi da kaina?

Yayar Auta

'Yata, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, tsallaka titin nan ki ce ta kwashe gwangwanayen zuwa inuwa, nesa da janareta. Nuna mata tabon hannunki, zai fi dogon bayani. In tana son ado a gilashin, ta jera kwalayen da babu komai ciki.

Ƙyashinki ban ga laifin jin sa ba. Kin yi wahala, wata ta zo ta sha yabo, dole ya yi ciwo. Ita ma Auta da nata laifin: wadda ta koya a hannunki bai kamata ta bar dila ya tsallake ki ba tare da ta ce uffan ba. Ki faɗa mata haka, amma wata rana daban, kada gargaɗin ya zama ciniki. Mahaifiyarku ma ki gaya mata a hankali cewa yabon nan na gefe ɗaya yana sosa miki rai. Sannan ki sauke girman kai ki ce Auta ta koya miki bidiyon. Sanin kaya na gaske da kike da shi, masu saye na nemansa.

Kwastoma in ya tafi yana dawowa. Amma ki tuna wadda ke tsaye a bayan gilashin nan daga azahar zuwa la'asar, fuskarta dab da shi, ƙanwarki ce, kuma ke kaɗai a layin kika san abin da ke shirin faruwa. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya buɗa muku kasuwa ku biyun.