Hannun 'Yar Tela

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya yara, ya aikin asibiti. Ke ba kya ɗaukar waya a ɗakin haihuwa, mu kuma tun a ƙofa ake karɓe namu, shi ya sa na ba maigidanki wannan takarda, tunda motarsa tana bi ta gaban makarantar da aka turo ni tsaron jarrabawar gama sakandare.

Yaya, ban taɓa jin shiru irin na zauren nan ba. Ɗalibai cike har bango, amma sai ƙarar fanka. Shugabanmu wani dattijo ne da ake kira Baba Agogo. Kafin ya yage ambulan ɗin tambayoyi, sai ya ɗaga shi sama ya zaga, kowa ya ga ba a taɓa hatimin ba. Ya ce mana, "Duk yaron da ke nan, akwai dubunsa a wani zaure suna amsa wannan tambayar a wannan sa'ar. Amanarsu duka ke hannunku."

Daga gobe an cire ni daga zaure. Akwai wata ɗaliba makauniya, 'yar wani tela. Ciwo ne ya tafi da idonta tana aji huɗu, kuma hannunta bai yi saurin rubutun makafi ba tukuna. Ni zan karanta mata tambaya, in rubuta abin da ta faɗa, a wani ƙaramin ofis, Baba Agogo na zaune a bakin ƙofa. Dokar ɗaya ce: ba ƙari, ba ragi. Ubanta kan kawo ta a keke, ya zauna gindin bishiya a waje har a tashi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na ga takardarki, muna lafiya. Yaran suna tambayar yaushe Anti za ta zo da alewa.

Ke dai kin cika ɗaukar abu da zafi. Yarinya ba ido, uba na zaune a rana, ke kuma Allah ya ɗora biro a hannunki. In ta yi tuntuɓe, ki ɗan yi tari mana. Wa ya taɓa hana mutum tari? Masu ido suna ganin kuskurensu su goge, ita da me za ta gani? Ni ban ga haram a nan ba. Shi kuma dattijon naku, ki bar shi da agogonsa, irinsu da sun zauna gyangyaɗi suke yi.

Ki riƙa karyawa kafin ki fita, na san halinki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso bayan abin ya riga ya faru, kuma ban ma kai ga tari ba.

Ranar jarrabawar ilimin halittu ce. Aka tambayi aikin wata jijiya ta zuciya, ta faɗi akasinsa. Ban yi magana ba, wallahi. Biro ne kawai ya tsaya a hannuna, kamar na ja numfashi ɗaya, sannan na rubuta. Sai ta karkato kai.

"Malama, amsar nan ba daidai ba ce ko?"

Na ce, "Ba ni da izinin faɗa."

Can ta ce, "Na san daidai ɗin yanzu. Amma a bar ta yadda na faɗa da farko. Ba ni na gano ba, bironki ne ya gaya mini."

Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba Agogo, wanda kika ce gyangyaɗi yake yi, bai ce uffan ba sai da aka gama. Sannan ya ce da ita dole ya rubuta wa hukumar jarrabawa abin da ya faru, kuma hakan na iya sa a riƙe sakamakonta har a yi bincike. Ya tambaye ta ko ta fahimta. Ta ce, "Na fahimta, Baba. A rubuta yadda aka yi."

Na ɗauka korata zai yi. Maimakon haka, da aka tashi ya zaunar da ni a ofis ɗin, ya ba ni takarda, ya rufe idonsa ya fara yi mini shifta. "Rana tana fitowa daga yamma. Kifi yana da ƙafa huɗu. Ruwa yana gangarawa sama." Duk inda hannuna ya yi jinkiri sai ya ce a sake. Na yi dariya, ya ce dariyar ma amsa ce, a sake. Muka yi ta yi har masu shara suka zo suka tafi. Da zan fita ya ce, "Tausayi na da kyau, 'yata, amma a ɗakin nan ki bar shi tare da wayarki. Ta fi ƙarfin a tausaya mata."

Saura lissafi, shi ne take buƙata a kan komai, don malamar lissafi take son zama.

Taki,
Auta

*

Auta,

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da farko haushi na ji. Na ce wannan wace irin yarinya ce, abinci ya zo baki ta tofar? Kuma shi dattijon, ina ruwansa da kai rahoto, ba sai ya kau da kai ba?

Da na shiga aiki sai abin ya ƙi barina. Kin san mu ma muna da namu. In na saurari cikin mace na ji bugun zuciyar jariri ya yi ƙasa, fuskata ba ta isa ta motsa ba, don idonta a kaina yake. Na daɗe kafin na iya. Ban taɓa tunanin akwai mai karanta hannu da kunne ba.

Na janye maganar tari. Amma in aka riƙe sakamakon yarinyar nan, ki gaya wa Baba Agogo akwai wata ungozoma da ke nemansa.

Ki rubuto da an gama lissafin, kada ki bar ni a rataye.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi lissafi jiya, har yanzu ban dawo daidai ba.

Akwai tambayoyi masu zane. Doka ta yarda in kwatanta mata zanen da baki, sau nawa ta so. Ina faɗa, tana jan layi da ɗan yatsa a kan tebur, babu komai a wurin sai katako. Ta kafa kusurwa nan, ta kafa can, ta koma ta taɓa ta farko daidai inda ta bar ta, kamar da alli ta zana. Sai ta fara faɗo aiki layi bayan layi, lambobi suna fitowa a jere, ni mai ido ina haki a bayanta. Na ɗaga kai na ga Baba Agogo ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba.

A tambayar ƙarshe ta ce a tara inda ya kamata a ɗebe. Na gani sarai. Na rubuta shi da saurin da na rubuta sauran. Duk abin da ya biyo baya ya karkace, na bi ta na rubuta, hannuna yana tafiya sumul. Ta kai ƙarshe, lokaci ya kusa. Ta ce in karanta mata daga sama. Na karanta da murya ɗaya, na wuce ta kan kuskuren kamar ba komai. Na yi layi biyu gaba, sai ta ɗaga hannu.

"Koma baya, Malama. Nan ne. Soke daga nan."

Ta sake ginawa da gudu. Saura lambar ƙarshe, Baba Agogo ya ce, "Lokaci ya cika. A ajiye biro." Na ajiye. Lambar ta fito daga bakinta bayan biron ya taɓa tebur.

Ta ce, "Ta shiga?"

Na ce, "Ba ta shiga ba."

Ta jingina da kujera tana murmushi. "To. Amma na same ta."

Baba Agogo ya liƙe ambulan, ya sa hannu, sannan ya juya ya daɗe yana kallon taga. Shi da kansa ya riƙe mata hannu har wurin ubanta, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

Hukuma ta amsa rahotonsa. Za a riƙe sakamakonta, kuma za a kira mu mu uku.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a gurguje. Mun je gaban hukuma, sun saurare mu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya suka saki sakamakon. Ta ci duka, lissafin da daraja ta sama. Kwalejin malamai ta ba ta gurbi.

A hanyar dawowarmu daga hukuma ta ce wa Baba Agogo ya ajiye mata kujera, nan gaba ita ma za ta yi tsaron jarrabawa. Ya tambaye ta da wane ido. Ta ce, "Baba, a bar yaro ya taɓa takardar satar amsa a aljihu, a gani in ban kira lambar teburinsa ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce zai rubuta wa hukuma ya nema mata kujerar.

Ina zuwa ranar Asabar. Ki gaida yara.

Auta