Aska a Damtsen Mariyatu

Zuwa ga Malam Siddiƙu, mai amsa tambayoyin jama'a a zaurensa na Ƙofar Taramniya.

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ka taimake ni, kuma in za a karanta takardar nan a zaure kada a nemi sanin mai ita. Abin da ya ɗaure mini kai na san ya ɗaure wa iyaye da yawa a birnin nan, kunya ce kawai ta hana su faɗi. Ta yaya za a ɗauki cuta da hannu a sa wa yaro mai lafiya, a ce wai tsare shi anka yi?

Ka ji dai agana ta iso Runjin Sambo. Tun ranar Garba wanzami ke bin gidajen unguwarmu yana yi wa yara tsaga. Yakan ɗebo ruwan ƙurji daga jikin wanda cutar ta yi wa sauƙi, ya ɗan tsaga damtsen yaro da aska, ya shafa. Yaro ya yi zazzaɓi, 'yan ƙuraje su fito, ya warke, wai shi da agana har abada. Maƙwabtana duk sun miƙa nasu. Ni na tare ƙofa.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, Mariyatu. Yayyenta duk ba su yi rai ba. Bana ta fara famfara, in tana dariya da giɓinta sai in ji kamar in ɓoye ta cikin riga.

Ni baduku ne, Malam. Wuni nake da wuƙa a kan fatar akuya, na san yadda 'yar huda da ba ta kai ƙwayar gero ba ke lalata fata guda in ruɓa ta samu hanya. Shi ya sa ban yarda da masu aska da masu jiƙe-jiƙe ba. Ko ciwon kai nake ba na yin ƙaho, rubutu nake sha in kwanta. Kowane mai magani haka yake: in ka tashi aikinsa ne, in ka mutu kwana ne ya ƙare.

Amma gaskiyar maganar ƙanena ne, Audi. Muna yara, lokacin ana ginin ganuwar birni, agana ta kwantar da innarmu. Ni ina gidan kakata a lokacin. Audi kuwa bai daɗe da yaye ba, a jikin inna yake kwana. Da baba ya ga abin ya yi tsanani sai ya aika anka zo da ni, anka tsaga mana mu biyu a zaure, anka mai da ni wurin kaka. Ni na yi 'yan ƙuraje na tashi. Audi washegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙuraje sunka haɗe masa fuska har ba a gane inda ido yake. Bai tashi ba. Har yau in na ga wanzami ya buɗe zabirarsa sai in kau da kai.

Maiɗakina Atika ita ma an yi mata tana ƙarama, kuma ta kafe sai an yi wa yarinyar. Ta ce na sha na ƙoshi, na zauna a bakin rijiya na hana ɗiyata guga. Ta ce jarumtata a kan fatar akuyar da ta riga ta mutu ta tsaya. Yanzu ma ta bar faɗan, sai dai ta ajiye mini tuwo ta juya. Shirun ya fi faɗan ciwo.

Na ce mata mu jira, in cutar ta shigo lungunmu sai mu san abin yi. Amma ni kaina ban natsu ba. Yarinya na ɗan yin ɗumi sai in ɗage rigarta ina duba baya. Allura ta soke ni a wurin ɗinki har yatsuna sun kumbura. In na yarda ta mutu, da hannuna na miƙa ta. In na hana ta mutu, ni na tare ƙofa. Kuma shin kiran cuta tun ba ta zo ba, ba rashin tawakkali ba ne?

Naka,
Wani baduku daga Ƙofar Marke.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Babu mai neman sunanka. Da ana karanta takardarka na ga iyaye da dama sun sunkuyar da kai, don haka ba kai kaɗai nake ba amsa ba.

Tsoronka yana da tushe, kuma ba zan rantse maka cewa tsaga ba ta da haɗari ba. Cuta ce ta gaske ake sa wa yaro, kuma akan sami wanda take tafiya da shi. Duk wanzamin da ya ce maka ba a taɓa rasa kowa ba, kada ka ba shi hannun ɗiyarka. Amma na daɗe ina karantar da yara a zauren nan, na ga zuwan agana ba sau ɗaya ba. Wuraren da sunka zama wayam a kan tabarma bayan ta wuce, mafi yawansu na yaran da ba a tsaga wa ba ne. Wasu sun dawo da zanzana a fuska, wasu sun dawo ba sa ganin allo.

Yanzu sake duba abin da ka rubuta game da Audi, Allah shi jiƙansa. Zazzaɓin tsaga ba ya zuwa washegari, yakan ɗauki kamar mako. Yaron da ke kwana a jikin mai agana, zazzaɓi ya rufe shi kwana ɗaya bayan aska, mafi rinjayen zatona cutar ta riga wanzami shiga jikinsa. Allah ne masani. Kai da kake nesa, tsagar ta same ka da lafiyarka, ga ka nan kana rubuto mini takarda.

To ka ga inda shawararka ta jira take kai ka. Jira har cuta ta shigo gida sannan a kira mai aska, shi ne abin da ya faru a gidanku. Cikin hanyoyin da ke gabanka ita ce mafi muni. In za a yi, yanzu ne, tun yarinya na da ƙarfinta.

Maganar tawakkali kuwa, neman magani ba ya kore shi. Kakan jeme fata da kyau sannan ka roƙi Allah kasuwa, ba ka taɓa jin ka saɓa masa ba. Ci gaba da shan rubutunka, ba su hana juna ba.

In ka yarda, kada ka miƙa ta ido rufe. Je ka ga yaron da za a ɗebo ruwan daga jikinsa, ka tabbata ƙurajensa kaɗan ne kuma yana murmurewa. A wanke aska a gabanka. In Mariyatu na da tari ko gudawa a dakata. Bayan tsaga a keɓe ta a ɗaki har ɓawon ƙuraje ya gama zuba, don za ta iya shafa wa ɗan maƙwabci. Kai da Atika kuna da lambar tsaga a damtse, cutar ba ta sake kama ku, ku ne masu jinyarta. Atika kuma ka yi mata magana yau. Tsoron da ke hana ka ɗinki shi ne ya hana ta magana.

Kada ka tsaya a maganata. Gobe da hantsi shiga kasuwa, ka zauna da masu zanzana a fuska da masu lamba a damtse, ka tambayi kowanne su nawa ne a ɗakinsu kafin agana, su nawa sunka rage. Kafin ka fita kuma, naɗe hannun rigarka ka fara da damtsen da ya fi kusa da kai.

Allah shi sanyaya maka zuciya, shi raya Mariyatu har ka ɗinka mata takalman aure da hannunka.

Siddiƙu.