Hayaƙin da na ƙirga ya sa za a janye mana hatsi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Adimin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa. Ni dattijo ne a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta, bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a garinmu ni ne farfesa, ko takardar asibiti aka kawo ni ake nema, in karanta rabi in cike rabin da addu'a.

Kun san yadda shekarun nan suke, taki ya fi ƙarfin talaka, geron bana bai kai mu ko'ina ba. To wata ƙungiya ta shigo tana raba hatsi da iri, suka naɗa ni wakili, suka ba ni waya mai manhaja a ciki. Aka kira mu mitin, ofisarsu wata Hajiya mai kirki ta ce dole a ƙirƙiri abin da suke kira indiketa, wato ma'aunin da zai nuna wa kwamfutarsu ko gari yana samun sauƙi. Launi uku yake nunawa, ja yunwa ce, ruwan ɗorawa da dama-dama, kore kuwa an warke. Su so suke a bi gida-gida ana tambaya ko an ci abinci. Na miƙe na gyara babbar riga na ce Hajiya ba ki san mutanenmu ba, magidanci ko kwana biyu ya yi bai ci ba, ka tambaye shi zai ce alhamdulillahi har da sakace. Ta ce to Baba mene ne mafita, na ce hayaƙi. A tsaya kafin magariba a duba gidan da hayaƙi ke tashi, hayaƙi ba ya jin kunya. Wallahi tafi aka yi min. Nan take ta shigar, gidajen da suka yi hayaƙi a raba da yawan gidajen gari a ninka da ɗari. Na dawo ina tafiya kamar wanda ya ƙera jirgi.

Kullum yamma sai in hau tudun bayan masallaci, in ga hayaƙi in danna, in ga hayaƙi in danna. Abu ya tashi daga ja ya koma ɗorawa, yanzu kore shar. Ina murna, sai Hajiya ta kira ta ce barka Baba, garinku ya cika taget, wato ya kai inda ake so, za a ɗauke rabon a kai wani gari da ke ja.

Na shiga gida na faɗa wa mai ɗakina. Ta dube ni ta ce Malam kai da ake kira farfesa, me kake zaton ke cikin tukwanen. Ashe matan garin nan in babu abin dafawa, ruwa suke ɗorawa su hura kara, don kada maƙwabta su ce gidan wane yau ba a ɗora ba, yara kuma su yi ta jiran tuwo har barci ya kwashe su. Ta ce mu ma nan gidan an yi, ranar da ka ce min yau hayaƙinmu ya fi na kowa kyau. Tun kakanninmu haka ake rufa wa miji asiri, ni kuma na zo na mai da shi lissafi.

Na kira Hajiya na warware mata. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ta yarda da ni amma manhaja ba ta goge abin da aka riga aka tura, manyansu kore suka gani. Hanya ɗaya ce, a sake sabon ma'auni, in shiga gida-gida in rubuta sunan magidanci, in ɗauki hoton rumbunsa a buɗe. Rumbu fa jama'a! Wanda ko matar mutum ba ta leƙawa sai da izini. In ban yi ba kafin rabo na gaba, motar hatsi wucewa za ta yi ta gabanmu.

Abin da ya fi ɗaure ni, 'yata tana aure a gidan wani dattijo abokina, mijinta, ɗan dattijon, ya tafi ci-rani shiru, tana goyo, kuma gidansu na cikin masu dafa ruwan. Jiya surukin nan nawa ya ji abin da ake shiri, ya zo har zaure, muka gaisa kamar ba komai, da zai tashi ya riƙe hannuna ya haɗa ni da Allah kada in buɗe masa rumbu gaban duniya, ya ce shi da ya ciyar da rabin unguwa a shekarun baya, a bar shi ya mutu a kore. Sauran magidanta ma abin da suke faɗa ke nan, matan kuma ta bayan gida suna aiko min cewa in shigo in ɗauka.

To malamai da 'yan boko na wannan zaure, ya zan yi? In tona asirin mutumin da ya haɗa ni da Allah, ko in bar jikata tana tsotson nonon da babu komai a ciki? In akwai wanda ya san yadda ake auna yunwa ba tare da an buɗe rumbu ba, ya taimaka ya faɗa min kafin motar ta zo.