Wata Goma Sha Ɗaya Ina Kukan Kura a Gidanku

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Susanna, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazara, nunannen mangwaron da ke can reshen sama, wadda murmushinta ya fi dawowar wutar lantarki daɗi bayan kwana tara!

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi kasuwar Sabon Gari cika ranar jajiberin Kirsimeti. Da baki na so in faɗa miki abin da ke raina, amma muryar ta dishe tun ranar Lahadi, kuma kin san a tsakar gidan da ta dishe.

Kin tuna ranar da na fara zuwa gidanku a Jushi? Na goge riga har tana ɗaukar ido, na shafa turare, na saƙala tsohon littafin tatsuniyoyi a hammata don ki san malamin makaranta ne ya zo. Muka zauna a benci, na karanta miki labarin kurar da ta je biki da aron wutsiya. Kika yi dariya, ya tauraruwata, dariyar da ta sa na ji kamar an ƙara mini girma a wurin aiki! Sai muka ji murya ta taga: "Wane ne wannan mai karatu kamar ana korarsa? Shigo ka sake daga farko." Kaka Lucia ce, wadda ta rene ki tun rasuwar mahaifiyarki. Na shiga da ladabi. Wayyo ni! Har yau ban fito ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan, kowace Lahadi ana tashi daga sujada sai in shiga bas, a matse ni tsakanin buhun albasa da gwiwar wani ɗalibi, ina zuwa ganin fuskarki mai kama da wata ɗan daren sha huɗu. Me nake tararwa? Tabarmi uku a shimfiɗe, jama'a na jira! Ga Kaka a kujerarta tana cewa, "Ga mijina ya iso, a ba shi ruwa ya fara." Ga maƙwabciyarku Mama Nnenna mai busasshen kifi, wadda ta rantse kunkurun cikin littafin ɗan garinsu ne, ta san gidansu. Ga Baba Sebastian, tsohon sojan nan na Basawa, da ba ya barin shafi ya ƙare sai ya buga sanda a ƙasa: "Wannan zakin bai san aiki ba! Ina masu gadi?" Ni kuwa, mai takardar shaidar koyarwa, in yi kukan kura, in yi na jaki, in maƙe murya in zama 'yar sarki. In kukan bai yi ba Kaka ta ce in sake. Yaran layinku sun daina kirana Malam Othniel, Malam Kura suke cewa. Ke fa? Kina kicin kina soya wa taro ƙosai. Hannunki kawai nake gani idan kin miƙo faranti. Wane irin hannu! Amma haba Susanna, hannu na zo aura?

Da baffannina biyu suka taso tun daga Zonkwa don a sa mana rana, Kaka ta karɓe su hannu bibbiyu, ta cika su da tuwo, sannan ta ce, "A bari mu gama littafin." Na dage na gama shi cikin mako biyar. Ranar da na rufe shafin ƙarshe, zuciyata na rawa kamar ganyen masara a iskar damina, sai Baba Sebastian ya zaro wani daga jakarsa: ba bango, ba farko, kaurinsa ya kai bulo.

Na yi dabara. Na je shagunan PZ na sayo wa Kaka 'yar rediyo cike da tatsuniyoyi, wata mata mai zaƙin murya na karantawa. Kwana uku ta dawo mini da ita a leda. "Na ce ta tsaya in je bayi in dawo, ta ƙi. Na ce mata ba haka labarin yake ba, ta ci gaba da surutunta. Ba ta da tarbiyya."

To, ga abin da ba ki sani ba. Lahadin nan da ta wuce na manta lemata, na dawo ɗauka. Ina zaure na ji Kaka tana ce wa Mama Nnenna, "In na ba shi ita, sai ya tafi da ita Samaru. Idona ya riga ya tafi. In rasa mai yi mini magana da safe, in rasa mai yi mini karatu. In zauna da bango?" Na jira in ji dariya, ban ji ba. Na bar lemar na fito cikin fushi. Kafin bas ta kai Kwangila fushin ya narke, kunya ta maye gurbinsa. Ashe duk wannan lokaci ni ina ƙirga shafukan da suka rage in huta, ita kuma tana ƙirga su cikin tsoro.

Kuma bari in tona asirin kaina, ya zumar zuciyata: ina son karatun nan. A aji, ina magana yara arba'in suna kallon taga. A gidanku, in na yi shiru a tsakiyar labari, tsofaffi uku su daina taunar ƙosai, su zuba mini ido. Wa zai ƙi wannan?

Saboda haka jiya na zaga Jushi da ƙafa. Na sami ciki da falo a bayan layinku, kusa sosai, in Kaka ta yi tari za mu ce mata sannu. Na gaya wa mai gidan da nake haya zan tashi. Ni zan riƙa shan matsin bas zuwa makaranta kowace safiya, har in tsufa. Ki faɗa wa Kaka jikarta ba ta zuwa ko'ina, kuma Lahadi ba za ta canza ba, a gaban fasto ma zan maimaita. Ki faɗa mata a hankali, ke kaɗai, kada Baba Sebastian ya ji ya ce sai an yi fareti.

Roƙona ɗaya ne, ya hasken rayuwata. Na ji ƙishin-ƙishin Mama Nnenna na shirin a ba ni makirfo ranar liyafar aurenmu, in yi wa baƙi kukan jaki a gaban hedimastanmu da dangina kaf. Don girman Allah ki hana. In kuwa Kaka ce da kanta ta nema, to shi ke nan. Zan miƙe da kwat ɗina da furena a ƙirji, in yi shi da dukan ƙarfina.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da numfashi zai ƙare,

Othniel.