Littattafan da Suka Buɗe Bakin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya kasuwa? Mu nan Bungudu lafiya lau.

Ka kwantar da hankalinka game da Baba. Ka san tun da idanunsa suka mutu ya daina hira, abinci ma sai da lallashi. Watan jiya na sayo littattafai a Sabon Garin Gusau, na fara karanta masa bayan la'asar. Na ɗauko na soyayya, ya juya mini baya. Da na buɗe na tarihin Zamfara, ban kai shafi uku ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Hadiza! Wanga marubuci bai taɓa taka garin Tsahe ba."

Har magariba yana yi wa marubucin gyara. Ranar tas ya cinye tuwonsa.

Ka ce Hausa na kuɓuce wa yaranka, to ga shawarar da na tabbata da ita. Na ba direban da ya kawo wasiƙar nan littattafai guda huɗu. Fara musu da na tatsuniyoyi. Na waƙoƙin wa'azi kuwa Hajiya ta riƙa rera musu, kunne ya fi saurin kama shi. Na kiwon dabbobi naka ne, tunda kana zancen sayen shanu. Na tarihin ka gama shi kafin Sallah, don Baba ya ce zai yi maka tambayoyi.

Ku sa shi a addu'a. Inna na gaishe ku, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Hadiza